Ranar da Aka Auna Adama a Kasuwar Lazare

Bayan Hamsatu ya riga kowa sanin cewa ɗiyarta Adama ta rame. Tun kafin ido ya gani, majanyin da a da yake ƙulluwa da ƙyar a ƙirjinta ya fara barin jela. Shekarar ce da ta biyo bayan daminar da ta yi wa manoma ƙarya, gero ya yi tsada har a Yamai, ga kuma soja sun karɓi mulki tun kafin zafi ya kankama. Gidan Hamsatu ba a kwana da yunwa, amma madara ta zama ta ranar Juma'a, nama kuwa sai in mai gida ya dawo.

Mijin nata, Yakuba, direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana kai hatsin taimako ƙasar Tawa, sai ya yi kwana goma bai ga gida ba. Kamfanin da yake wa aiki ya shirya da wata kilinik mai zaman kanta a unguwar Kalle, aka ba matar kowane direba kati mai lamba, in yaro ya kwanta ta buga waya likita ya amsa. Hamsatu ta naɗe nata katin a leda ta sa shi cikin karne, littafin rigakafin Adama. Ba ta taɓa bugawa ba.

Ranar wata Talata yarinyar ta wayi gari jiki zafi rau. Hamsatu ba ta tsaya wanke kwanuka ba, ta goya ta sai disfanse, ƙaramin asibitin unguwa. Ta tarar da farfajiyar cike da matan ƙauye da fari ya koro, kowace da yaro a hannu, wasu da biyu. Sai wajen hantsi layi ya zo kanta. Aka huda yatsar Adama, aka ce palu ne, zazzaɓin sauro. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, wanda da gani tun asuba bai zauna ba, ya tambayi watanninta. Ta ce sha shida. Ya rubuta a takarda, ya ce maganin ya ƙare a wurinsu, ta je farmasi ta saya. Ta tambaye shi ko ba za a auna yarinyar ba. Ya ce ma'aunin an kai shi rumfar da ake ciyar da yara masu tamowa, can ma layin ya fi wannan.

Ta fito ta zauna a inuwar bishiyar bedi da takardar a hannu. Abin bai kwanta mata ba. Tun da ta haifi Adama ba a taɓa ba ta magani ba sai an ɗora ta a ma'auni. Ta warware ledar, ta buga lambar.

Mace ce ta ɗauka, ta ce sunanta Lokotoro Zeinabu. Kafin komai ta nemi lambar katin da sunan mijin, Hamsatu tana jin ƙarar takardu har aka nemo nasu. Sai tambayoyi suka fara zuba. Tana shan nono? Ta yi amai? Jikinta ya taɓa sandarewa ko idanunta sun juye? Ki buɗe fatar idonta ta ƙasa, ja ce ko fara? Ki kira sunanta in ji ko za ta waiwayo. Hamsatu ta kira, Adama ta ɗaga kai ta yi ƙorafi, likitar ta yi dariya ta ce wannan muryar ta mai ƙarfi ce, alhamdulillahi. Ta ce da ɗaya daga cikin amsoshin nan ya zo a karkace, da ba za ta ƙara minti ɗaya a waya ba, babban asibiti za ta tura su. Daga nan ta sa aka karanta mata takardar majo harafi bayan harafi.

Sai ta yi bayani a hankali. Maganin daidai ne, amma kwali biyu yake zuwa: ƙarami na yaran da ba su kai kilo tara ba, da babba na waɗanda suka kai, mai ƙarfi ninki biyu. Majo ya rubuta babba saboda watanni, kuma a shekarar ƙoshi da wuya ya yi kuskure. Bana kuwa watanni ba sa faɗin nauyi. In an ba ƙaramin jiki babban kwali zai wahalar da ita, ta yi ta amai, maganin ma ya ƙi zama. In kuma ta kai tara aka ba ta ƙarami, zazzaɓin zai lafa ya dawo.

"To ki kimanta mini, lokotoro," in ji Hamsatu. "Ni dai na san ta ragu."

"Maman Adama, ban gan ta ba. Abin da ban gani ba kuma ba na kimantawa, dokar aikinmu ce, kuma ko babu doka ba zan yi ba. Ki nemo mini nauyinta. In sa'a ɗaya ta wuce ba ki samu ma'auni ba, ki hau taksi ki kawo mini ita Kalle."

Kalle taksi biyu ne cikin ranar nan, da yarinya mai zafin jiki. Hamsatu ta fara leƙa farmasin bakin titi, aka nuna mata ma'aunin manya a lungu, allurarsa ta kafe tun bara. Ta tsaya a ƙofa ta yi ɗan tunani, sai ta juya ta nufi kasuwa.

A bakin layin ƴan kayan miya ta ci karo da Balkisa, maƙwabciyarta, Bazabarmiya mai sayar da tumatir da albasar da ƴan'uwanta suke nomawa a lambunan Gudel. Balkisa ta taɓa goshin Adama, ta ji labari, ta riƙe baki. Ta ce wannan wace irin likita ce mai aika mutum kasuwa? Ita tana da lambar wani da ake talla a rediyo, ba ka gama gaisuwa ba ya riga ya faɗa maka magani, har da na kakarka. Hamsatu ta ce shi ya sa ba za ta kira shi ba. Balkisa ta ce to, ta rufe tumatirinta da buhu, ta bi ta, don a cewarta ba za a sayar da yarinya a kasuwar Lazare ita ta rasa ganin farashi ba.

Shagon da suka nufa na Alhaji Mamman ne, Bagobiri ɗan Maraɗi, mai shinkafa da sukari da garin alkama, wanda yake kuma sayen albasa a hannun manoma. Abokin mahaifin Hamsatu ne tun suna samari, shi ya yanka ragon sunanta. Tsakaninsa da Balkisa kuwa akwai wasan nan na Gobirawa da Zabarmawa, inda kowa yake kiran ɗan'uwansa bawa, a faɗi abin da aka ga dama ba mai ikon yin fushi.

Yana hango su ya ce wa Hamsatu, ɗiyata, ina kika samo wannan baiwar tawa da ta gudu? Balkisa ta ce ta zo ne ta duba ko bawanta yana kula da shagon da ta ba shi jira. Da ya ji abin da ya kawo su sai wasa ya koma gefe. Ya sauke kwanon da ke rataye a ƙugiyar ma'auninsa, irin mai fuska kamar agogo da ake ratayewa a ƙarfen rumfa. Hamsatu ta cire wa Adama riga, ta sa ta cikin ɗankwali, ta ƙulle bakinsa huɗu, aka saƙala a ƙugiya. Yarinyar ta yi lilo a iska, ta buɗe ido tana kallon buhunan shinkafa, abin ma kamar ya yi mata daɗi. Mata uku da suka zo awo suka matso. Allura ta yi rawa ta tsaya.

Kilo tara da ɗan ɗori.

Hamsatu ta ji sanyi a ranta, ashe ramar ba ta kai yadda take tsoro ba. Ta buga waya ta faɗa. Lokotoro Zeinabu ta ce madalla, sannan ta tambayi ma'aunin wane ne. Da ta ji na kasuwa ne sai ta ce da saura. Duk ma'aunin da ba na asibiti ba sai an gwada shi kafin ta rubuta lambarsa. A samo kwalin sukari mai ƙwaya, na kilo ɗaya-ɗaya, wanda ba a ɓare ba, guda biyar, a rataya a ga abin da zai ce. Kuma kar a kashe wayar.

Hamsatu ta maimaita wa Alhaji. Ta ga ya gyara hula ba tare da hular ta karkace ba. Ya ce sukari kam akwai, amma ai ɓata lokaci ne, yarinya tana jin jiki. Kafin ya rufe baki Balkisa ta riga ta miƙa hannu kan kantar shagon ta sauko da kwali biyar, ta zuba a leda, ta rataya da kanta.

Allura ta wuce biyar, ta je ta zauna a kan biyar da rabi.

Matan nan uku suka dubi juna, sannan suka dubi ledojin shinkafar da ke hannunsu. Balkisa ta ce Allah mai iko, sukarin Bagobiri har haihuwa yake yi a cikin kwali. Alhaji ya ce zafi ne, ƙarfen ya gaji, kowa ya san ma'auni yana gajiya da rana. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani, mai tsatsa a gefe, ya ce wannan sabo ne, a gwada shi.

Balkisa ta san shi tun kafin a rataya. Ta ce ai wannan tsohon saurayinta ne, shi ne yake tarbar albasar yayanta duk ranar da ya kawo daga Gudel. Aka saƙala sukarin. Allura ta yi ta jan ƙafa, ta tsaya a huɗu da rabi ta ƙi gaba.

Dariya ta ɓarke a rumfar har mai nama na gefe ya leƙo da wuƙa a hannu. Wata dattijuwa ta zauna a kan buhu tana share hawaye. Balkisa ta ɗaga hannu sama tana sanar da kasuwa cewa bawanta yana da ma'auni na safe da na yamma, ɗaya mai ƙiba ɗaya mai tamowa, a kai na biyun rumfar ciyarwa. Alhaji yana ta cewa Zabarmawa ba su san lissafi ba, tun da aka halicce su kifi kawai suke ƙirgawa, amma gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Hamsatu ba ta yi dariya ba. Wayar tana kunnenta, Adama tana kafaɗarta, zafin jikin yarinyar yana ratsa rigarta. Ta faɗa wa likita abin da aka gani. Lokotoro Zeinabu ta ce ɗaya ya ce sama da tara, ɗaya zai ce ƙasa, kuma ba ta yarda da ko ɗaya ba. Ba za ta raba tsakani ta ce shi ne nauyin ba. Saura minti ashirin a sa'ar da ta ba ta, gara ta fara neman taksi.

Hamsatu ta dubi Alhaji. Mutumin nan ya taɓa ɗaukar ta a wuya ya kai ta kallon kokawa. Ba ta so a yi masa dariya, ba ta kuma zo don ta tona shi ba. Ta matsa kusa da tebur, ta rage murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Baba, ni ba ruwana da shinkafa. In akwai na gaskiya a shagon nan, ka ba ni aronsa minti biyu. In babu, ka ce mini babu, in tafi."

Ya dubi matan da suka cika rumfar, yanzu sun kai goma. Ya dubi Adama, wadda ta kwantar da kai tana numfashi da baki. Sai ya ɗaga labulen buhu ya shiga ciki, aka ji yana jan akwatin ƙarfe, aka ji makulli. Ya fito da wani abu naɗe a sabon tawul. Da ya warware, ma'auni ne fes, gilashinsa ko ƙura babu, ga ɗan tambarin dalma na hukuma yana reto a jikin siririyar wayar ƙarfe.

Dattijuwar ta tambaye shi wannan kuma na su wa ne.

"Na baƙi ne," in ji shi. "Masu zuwa duba awo da soja biyu a baya."

Wannan karon har shi aka yi dariyar. Ya rataya shi da hannunsa, ya saƙala sukarin. Allura ta tafi kai tsaye ta tsaya a kan biyar, ba ta ko motsa ba. Hamsatu ta faɗa a waya, likita ta ce a cire kwali biyu a sake gani. Uku cif. Ta ce to, yanzu a sa mai jikin.

Aka mayar da Adama cikin ɗankwali. Alhaji ya sa tabarau, ya kawo fuskarsa daf da gilashin, ya karanta da kansa: kilo takwas da giram ɗari uku.

"Ƙaramin kwali," in ji Lokotoro Zeinabu. "Bayanki ya fi ma'auni biyu gaskiya, maman Adama."

Sai a lokacin Hamsatu ta gane abin da ta tsallake. Da ta tsaya a awon farko, da yanzu tana farmasi tana karɓar babban. Ta sauke yarinyar ta rungume ta, ta ce wa Alhaji Allah ya saka da alheri, Baba. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce ta yi sauri, magana ba magani ba ce. Ya cusa mata gwangwanin madara a jaka, ya ce na amaryarsa ne Adama, kar baiwar nan ta gani.

Likita ba ta sallame ta ba sai da aka isa farmasi. Ta sa aka ba mai farmasin wayar, suka yi magana da Faransanci, ta faɗa masa sunanta da lambar aikinta, ya rubuta a bayan takardar majo da nauyin yarinyar a gefe. Sannan ta dawo kan Hamsatu: ƙwaya ɗaya a rana, kwana uku, a daidai wannan lokaci, a murƙushe a cokali da ɗan ruwa. In ta amayar kafin rabin sa'a a sake ba ta a kuma buga waya. Ta sa ta maimaita duka, har da alamun da in ta gani za ta bar waya ta kama hanyar asibiti. A ƙarshe ta ce in zazzaɓin ya wuce a kawo Adama Kalle ta gan ta da ido, don kilo takwas a wata sha shida yana son a zauna a yi maganar abinci, kuma wannan ba zancen waya ba ne.

A kan dakalin farmasin Hamsatu ta ba da ƙwayar farko. Adama ta yamutsa fuska, ta yi kukan da ya fi na safe ƙarfi, ta kama nono ta yi shiru.

Da za ta koma gida ta bi ta kasuwa don ta gode wa Balkisa. Ta tarar rumfar Alhaji ba masaka tsinke. Ma'aunin baƙi yana nan rataye, ya rasa yadda zai yi ya sauke shi, don mata sun yi layi da ƴaƴansu, kowace tana son ta ji nauyin nata. Ya kafa doka cewa na yara ne kawai, yana karantawa da tabarau yana faɗa da ƙarfi kamar mai shela, ya ce wannan a ƙara masa kunu, waccan kuma uwarta ta kai ta disfanse gobe. Can a tsakiyar layin ga Balkisa, ta goya buhun albasa da zane, har da majanyi, tana jijjiga shi tana lallashi. Da layi ya zo kanta ta ce autanta ne, kwana biyu ba ya cin abinci. Alhaji ya leƙa goyon ya ce yaron da ubansa yake kama, har warin. Ya auna shi.

Daren farko jikin ya ɗan sauka, na biyu Adama ta yi gumi ta jiƙa zane. Ranar Alhamis da hantsi Hamsatu tana tsakar gida tana tankaɗe, wayar ta yi ƙara. Lokotoro Zeinabu ce da kanta, ta ce ta ga a takardarta yau ne ƙwaya ta uku, yaya mai jiki? Hamsatu ta waiwaya don ta duba ta ba da amsa daidai. Tabarmar da ta kwantar da Adama ba kowa. Ta miƙe da sauri, sai ta hango ta a bakin madafa, zaune dirshan, ta kifar da murfin tukunya, hannu biyu cikin sauran tuwon jiya, har a gira.

Ta ce wa likita ta ɗan dakata. Ta tsaya da rariya a hannu tana kallo, ba ta hana ta ba.